BABI NA UKU: DASHE MAI NARKEWA DA TASIRINSA A KAN ƘWAYOYIN DA KE GINA ƘASHI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren karaya da hanyoyin da ake bi wajen ɗora ta, na gargajiya da na asibiti. Wannan babi kuwa zai dubi wani nau'in kayan aikin likitocin ƙashi wanda ake sakawa a cikin jiki don ya riƙe ƙashin da ya karye, ko ya cike gurbin da ƙashi ya ɓare, sa'an nan ya narke da kansa ba tare da an sake yin tiyata an cire shi ba. A cikin wannan kundi an kira shi "dashe mai narkewa". Abin da babin ya sa gaba shi ne ya nuna cewa duk abin da ya narke a jikin ƙashi yana zubar da wani sinadari a daidai wurin da ƙwayoyin da ke gina ƙashi suke aiki, kuma irin wannan sinadari da saurin zubarsa su ne ke sa ƙashi ya haɗe ko ya ƙi haɗewa. An ɗauki ƙasar Zurmi da maƙwabtanta, wato Ƙaura Namoda da Shinkafi, a matsayin fagen da za a auna amfanin wannan fasaha.

3.1 Dalilin Neman Dashe Mai Narkewa

Maɗorin gargajiya yakan ja gaɓar da ta karye ya daidaita ta, sa'an nan ya jera karare ko 'yan sanduna a kewayenta ya ɗaure da tsumma. Idan ƙashi ya kama sai ya kwance ɗaurin, aiki ya ƙare ke nan. Likitan ƙashi shi ma tallafi yake yi wa ƙashin, sai dai a karaya mai tsanani nasa tallafin a ciki yake sa shi: farantin ƙarfe da ƙusoshi masu murɗi, ko doguwar sanda da ake zura wa cikin ramin ɓargo. Da ƙarfe mara tsatsa ko taitaniyam ake yin su, kuma suna nan daram bayan ƙashi ya warke.

Zaman ƙarfen yana da illa ta fuska biyu. Ta farko ta shafi ɗabi'ar ƙashi. Tun a 1892 wani likita Bajamushe mai suna Julius Wolff ya bayyana cewa ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Inda nauyi ya ragu sai ya sirance. Taitaniyam ya fi ƙashi tauri kusan sau 5, ƙarfe mara tsatsa kuwa kusan sau 10. Saboda haka sai farantin ya ɗauke nauyin da ya kamata ƙashin ya ɗauka, ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya yi ta raguwa.

Illa ta biyu ita ce tiyatar cirewa. Ba kowane ƙarfe ake cirewa ba, amma idan yana zafi, ko ƙwayoyin cuta sun kama shi, ko majiyyacin yaro ne mai girma, to sai an koma ɗakin tiyata. Ga mutumin Zurmi wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Babban aikin ƙashi yakan kai shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ta hanyar Ƙaura Namoda, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959. Akwai kuɗin mota da na tiyata da ɗawainiyar mai jinya, ga barin gona idan damina ce, ga kuma fargabar 'yan bindiga a kan hanya. Dashen da zai kawar da kansa da kansa ya rage wa irin wannan mutum tafiya guda cur.

3.2 Ƙwayoyin Ƙashi da Abin da Suke Bukata

Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe wani sashe nasa ana sake ginawa, har masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi yana sabuntuwa a kowace shekara. Ƙwayoyin halitta iri uku ne ke wannan aiki. Akwai ostiyobilas, waɗanda za a riƙa kira "magina" a nan. Akwai ostiyokilas, wato "marusa", masu narkar da tsohon ƙashi. Sai ostiyosait, waɗanda asalinsu magina ne da ginin ya rufe da su, suka zauna a ciki suna jin motsin nauyi suna aika saƙo.

Magina suna fitowa daga wasu ƙwayoyin asali da ke cikin ɓargo da kuma tantanin da ya lulluɓe ƙashi. Aikinsu hawa biyu ne. Da farko sukan saƙa wani zare mai suna kolajin, sa'an nan su sa gishirin kalsiyam da fosfet ya daskare a kansa har ya yi tauri. Ana iya kwatanta wannan da yadda ake cuɗa ciyawa da ƙasar gini: ciyawar ta hana tsagewa, ƙasar ta ba da ƙarfi. Kafin su fara komai sai sun sami wurin da za su manne, kuma ba a kan dashen kansa suke mannewa ba, a kan furotin ɗin jini da ya riga ya kwanta a fuskarsa ne. Idan fuskar tana zagwanyewa da sauri sai su rasa matakin tsayawa.

Abu mafi muhimmanci ga wannan babi shi ne tsami. Ana auna tsamin ruwa da ma'aunin pH: lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami ne irin na tsamiya, sama da ita kuwa ɓangaren kanwa ne. Jinin mutum yana tsakanin 7.35 da 7.45, wato ya ɗan karkata ga kanwa. Magina suna aiki da wani sinadari mai suna alkalin fosfates wanda tsami ke raunana shi, kuma gishirin ƙashi ba ya daskarewa sosai a ruwa mai tsami. Marusa kuwa akasin haka suke. Arnett da Dempster sun nuna a 1986 cewa da zarar tsami ya ɗan ƙaru sai marusa su ƙara ƙaimi wajen cin ƙashi. Ke nan dashen da ke zubar da tsami yana kashe wa magina gwiwa a daidai lokacin da yake zuga marusa.

3.3 Roba Mai Narkewa

Nau'in da ya fi daɗewa a hannun likitocin zamani shi ne na roba, wadda masana ke kira folima. Biyu ne suka fi shahara: foligilaikolid da folilaktid. Da zaren ɗinki aka fara, wato Dexon wajen 1970 da Vicryl a 1974. A 1984 ne Pentti Rokkanen da abokan aikinsa a Helsinki ta ƙasar Finlan suka fara ɗora karayar idon sawu da 'yan sandunan irin wannan roba.

Ruwan jiki ne ke shiga cikin robar ya tsittsinka ta. Folilaktid takan koma sinadarin laktik, wanda shi ne ke sa nono tsami, foligilaikolid kuma ta koma sinadarin gilaikolik. Jiki ya san yadda zai sarrafa su ya fitar da su ta numfashi da fitsari, muddin kaɗan-kaɗan suke zuwa. Matsalar ita ce ba haka suke zuwa ba. Idan dashen yana da kauri, tsamin da ya taru a cikinsa ba ya samun hanyar fita, kuma shi kansa tsamin yana ƙara saurin narkewa. Sai cikin ya rube alhali bayan yana nan kamar lafiyayye, tamkar azarar da gara ta cinye ta ciki. Ranar da ɓawon ya fashe sai tsami da gutsattsari su kwararo lokaci guda. Ƙwayoyin tsaron jiki masu haɗiye datti su taru a wurin, su saki sinadaran kumburi, waɗannan kuma su ƙara tayar da marusa. A hoton ƙashi akan ga ramin da aka soka dashen ya ƙara faɗi maimakon ya cike.

Böstman da Pihlajamäki sun ba da rahoto a shekarar 2000 a kan majiyyata 2,528 da aka yi wa irin wannan aiki a Helsinki. Daga cikin waɗanda aka sa wa foligilaikolid, kashi 5.3 cikin 100 sun sami kumburi mara ƙwayar cuta, wanda kan fashe ya zubar da ruwa, yawanci wajen mako 11 bayan tiyata. A ɓangaren folilaktid kuwa kashi 0.2 ne kawai. Sai dai bai kamata a yi saurin yanke hukunci da wannan ƙaramar lamba ba, domin folilaktid jinkirin narkewa gare ta, illarta ma a makare take zuwa. A Groningen ta ƙasar Holan, Bergsma da abokansa sun bayyana a 1995 cewa wasu da aka ɗora wa ƙashin kunci da farantin folilaktid sun dawo da kumburi bayan shekara 3, kuma an tarar da ɓurɓushin robar a jikinsu bayan fiye da shekara 5. Dabarar da masu ƙera kayan suka koma yi ita ce gauraya robobin biyu don a daidaita saurin narkewa, da kuma zuba garin kalsiyam fosfet a ciki, wanda ke kashe tsamin kamar yadda kanwa ke yi a tukunya.

3.4 Maganisiyam

Maganisiyam ƙarfe ne mara nauyi, kuma ba baƙo ba ne a jiki: baligi yana ɗauke da kimanin giram 25, fiye da rabinsa a cikin ƙashi. Taurinsa bai wuce ninki 2 na ƙashi da kaɗan ba, don haka ba ya ƙwace wa ƙashi nauyi kamar sauran ƙarafa.

Tarihinsa ya fara da tuntuɓe. A 1906 wani likita a Beljiyam, Albin Lambotte, ya ɗora ƙafar wani saurayi ɗan shekara 17 da farantin maganisiyam, amma ya ɗaure shi da ƙusoshin baƙin ƙarfe. Haɗuwar ƙarafan biyu cikin ruwan jiki ta zama kamar batir, farantin ya zagwanye cikin kwana 8, iska ta taru a ƙarƙashin fata, ƙafar ta kumbura. Iskar haidirojin ce. Idan maganisiyam ya haɗu da ruwa yakan fitar da ita, giram ɗaya yana ba da kusan lita ɗaya, sa'an nan ya bar wurin ya karkata sosai ga ɓangaren kanwa. Wannan ya sa aka yi watsi da shi shekaru masu yawa, har sai da aka iya tace shi da gauraya shi da wasu ƙarafa yadda zai narke a hankali. A 2013 aka amince da ƙusar MAGNEZIX ta kamfanin Syntellix na Jamus a ƙasashen Turai, Koriya ta Kudu ta amince da tata a 2015, Amurka kuma ta amince da ƙusar RemeOs a 2023.

Tasirinsa a kan magina ya danganta da yawa da kuma lokaci. Idan kaɗan yake fita, yana taimaka musu wajen mannewa da hayayyafa, ɗan karkatar da yake yi ga kanwa kuma ta dace da daskarewar gishirin ƙashi. Idan ya yi yawa sai ya shiga gurbin kalsiyam ya hana daskarewar, kanwar ta yi wa ƙwayoyin ƙarfi ta kashe su, kumfar iskar kuma ta shiga tsakanin dashe da ƙashi. Har wa yau, an gano cewa ba da magina kaɗai yake hulɗa ba. Wani bincike da aka yi a kan ɓeraye a Hon Kon, wanda aka buga a 2016, ya nuna cewa maganisiyam yana sa jijiyoyin ji da ke tantanin ƙashi su saki wani saƙo mai suna CGRP, shi kuma ya tayar da ƙwayoyin asali su zama magina. Da aka cire tantanin sai amfanin ya ragu ƙwarai. Wani kuma na 2021 ya nuna cewa amfaninsa yana farkon warkewa ne, idan ya ci gaba da zuba har lokacin da ƙashi ke daskarewa sai ya zama cikas. Ƙoda ce ke fitar da rarar maganisiyam, don haka ana yin hattara da mai ciwon ƙoda.

3.5 Filasta, Fosfet da Gilashi

Waɗannan ba sa riƙe karaya, gurbi suke cikewa. Mafi tsufa shi ne filasta, wato kalsiyam salfet, irin wadda ake ɗaure karaya da ita ta waje. Tun 1892 Dreesmann ya cike ramukan ƙashi da ita a Jamus. Takan narke cikin makonni kaɗan, sau da yawa kafin magina su cim mata, kuma takan sa rauni ya riƙa tsiyayar da ruwa. Tiraikalsiyam fosfet yana ɗaukar watanni, kuma da yake ya yi kama da gishirin ƙashi, marusa suna cin sa magina suna biye da su suna gini, wato ya shiga cikin tsarin da ƙashi ya saba da shi. Haidiroksi'afatait kuwa yakan shekara da shekaru bai gushe ba. Dutsen da ake samun filasta daga gare shi da kuma dutsen fosfet duk akwai su a ƙasar Sakkwato, amma wanda za a sa a jikin mutum sai an tace shi matuƙar tacewa, don haka kusancin ma'adinin bai sa kayan sun yi araha ba.

Gilashi mai narkewa Larry Hench ne ya ƙirƙiro shi a 1969 a Jami'ar Fulorida ta Amurka, a lokacin da sojoji ke dawowa daga yaƙin Biyetnam da ƙasusuwa a farfashe. Yana sakin silika da kalsiyam da sodiyam, fuskarsa kuma ta rikiɗe ta zama irin gishirin ƙashi, har ƙashi ya manne da shi kai tsaye. A farkon shekarun 2000 aka nuna a Landan cewa ruwan da gilashin ya narke a ciki kaɗai ya isa ya sa magina su ƙara hayayyafa, ko da ba su taɓa gilashin ba.

3.6 Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Jikin Majiyyaci

Yawancin abin da aka sani game da magina an same shi ne a ɗakin gwaji. Akan jiƙa dashe a ruwan rainon ƙwayoyi, a zuba ruwan a kan ƙwayoyin ƙashin ɓera ko na mutum, a ƙidaya waɗanda suka rayu. Bisa ƙa'idar ISO 10993, idan suka gaza kashi 70 cikin 100 to ana ɗaukar abin mai guba ne. Sa'an nan a auna alkalin fosfates, a kuma zuba wani jan rini da ke kama kalsiyam don a ga ko an yi gini. Wannan gwaji yana da rauni. Ruwan kwanon gwaji a tsaye yake, jini kuwa yana gudu yana kwashe abin da ya narke. Shi ya sa maganisiyam kan kashe ƙwayoyi a kwano amma ya zauna lafiya a jikin dabba, har wasu masana suka ba da shawara a 2015 cewa a riƙa sirka ruwansa sau 6 zuwa 10 kafin gwaji.

Akwai wani giɓi da ya fi wannan girma idan aka dubi Zurmi. Masu ƙera dashe suna lissafa lokacin narkewarsa ne da saurin warkewar mutum mai ƙoshin lafiya. Narkewar ba ta jiran kowa, amma magina suna iya yin jinkiri. Kolajin furotin ne, gishirin ƙashi kuma sai da kalsiyam da bitamin D. A tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara suka yi a watan Yuni na 2024, an tarar da cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi suna fama da tamowa. Ƙashin yaron da ke cikin wannan hali ba zai yi saurin da aka zata ba, sai dashe ya saki kafin ƙashi ya kama. Dalma ma tana rage aikin magina, kuma a ƙashi take taruwa; annobar gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, wadda ta kashe yara kimanin 400, ta isa ta sa likita ya tambayi majiyyaci ko ya taɓa aikin haƙar ma'adini.

Bugu da ƙari, ƙusoshin maganisiyam da na roba an fi amfani da su ne a ƙananan ƙasusuwa: yatsun ƙafa, idon sawu, wuyan hannu da fuska. Ba su da ƙarfin riƙe ƙashin cinya ko na ƙwauri, waɗanda haɗarin babur da harsashi kan farfasa. A irin wannan rauni har yanzu ƙarfe ne abin dogaro. Inda dashe mai narkewa ya fi dacewa da bukatar yankin shi ne ƙashin da ƙwayoyin cuta suka kama, abin da kan biyo bayan raunin harsashi, ko buɗaɗɗiyar karayar da aka ɗaure da datti a ciki, ko ciwon amosanin jini. Tun shekarun 1970 ake cusa ƙwallayen simintin roba masu ɗauke da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ramin ƙashi, amma su sai an koma an ciro su. Ƙwallayen filasta suna yin wannan aiki su narke. A nan ma sai an auna, domin maganin da ya yi yawa a wuri guda yana taɓa magina: jentamaisin mai yawa yana rage aikinsu, bankomaisin ya fi sauƙi a gare su. Wani gilashi da aka ƙera a Finlan, mai lamba S53P4, yana kashe ƙwayoyin cuta da kanwar da yake fitarwa ba tare da an haɗa shi da magani ba.

Sauran abin dubawa shi ne bibiya. Kumburin foligilaikolid yana zuwa ne wajen wata 3 bayan tiyata, na folilaktid kuma bayan shekaru, lokacin da majiyyaci ya daɗe da komawa ƙauyensu a bayan Zurmi ko Shinkafi. Wanda ya ga kumburi mai ruwa a kan tabon tiyata zai ɗauka maruru ne ya nufi wanzami, tsagawar kuwa ita ce za ta shigar da ƙwayoyin cuta wurin da babu su da can. Haka nan ma'aikacin asibitin da bai san an sa maganisiyam ba zai iya ganin kumfar haidirojin a hoton ƙashi ya ɗauke ta alamar ruɓewa. Ƙusar roba ma ba ta fitowa a hoton kwata-kwata, ramin da ta shiga kawai ake gani. Don haka wajibi ne takardar sallama ta ɗauki sunan dashen da ranar da aka sa shi da lokacin da ake sa ran narkewarsa, a kuma bayyana wa majiyyaci da mai jinyarsa da Hausa irin kumburin da zai iya biyo baya da asibitin da za su nufa idan sun gan shi.